Mai Hoton Bamako Wanda Aikinsa Ya Nemo Masa Suna

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. In kuwa haka ne, to, ba ƙaramar amana ake ɗora wa mai ɗaukar hoton mutane ba, domin shi ne ake zuwa a zauna a gabansa, a miƙa masa fuska, a ce ya fitar da ita yadda 'ya'ya da jikoki za su gani bayan an kau. Amma duk da nauyin wannan amana, mutane da yawa ba su ɗauki sana'ar a bakin komai ba. A ganinsu kyamara ce ke yin aikin, shi mai ita latsawa kawai yake yi ya karɓi kuɗinsa. Tarihin wani mutumin Bamako ta ƙasar Mali, mai suna Seydou Keita, ya isa ya kawar da wannan zato. Mutum ne da ya riƙe sana'arsa da daraja tun babu wanda ya san shi a wajen yankinsu, har ranar da aikin hannunsa ya sa aka taso daga Turai ana cigiyarsa.

An haifi Keita a Bamako wajen shekarar 1921, lokacin ƙasar tana hannun Faransawa, ana kiranta Sudan ta Faransa. Mahaifinsa kafinta ne, kuma sana'ar da yaron ya fara koya ke nan. Cikin 1935 wani kawunsa ya komo daga Senegal da wata 'yar ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie, ya ba shi. Da ita ya fara gwaji a kan 'yan gidansu da maƙwabta. Bai shiga wata makarantar koyon ɗaukar hoto ba. Abin da ya sani ya tsince shi ne a wurin wani Bafaranshe mai kantin kayan hoto a Bamako, Pierre Garnier, da kuma wani ƙwararren mai hoto ɗan ƙasa, Mountaga Dembele. Da hannunsa ya faɗa, sai ya buɗe wurin ɗaukar hoto nasa na kansa cikin 1948, a unguwar Bamako-Kura, bayan babban gidan kurkuku na garin.

Latsawa ɗaya tak

Wanda ya saba da wayar hannu ta yau, wadda ake ɗaukar hoto ashirin da ita a zaɓi ɗaya a share saura, zai yi wuya ya gane irin halin da Keita ya yi aiki a ciki. Babbar kyamara ce yake amfani da ita, mai cin fim falle-falle, kowane falle faɗinsa santimita 13, tsawonsa 18. Fim kuwa daga Turai yake zuwa, ga tsada. Saboda haka galibi sau ɗaya yake latsa wa kowane mutum. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana, domin ya fi son wannan haske a kan na fitila. In ya zo wanke hoto, sai ya ɗora baƙin fim ɗin a kan takarda kai tsaye, hoton ya fito daidai girman fim ɗin, babu ƙari babu ragi.

Ma'anar wannan ita ce, duk aikin ana gama shi ne tun kafin a latsa. Sai ya dubi mutum ya san ta wane gefe fuskarsa ta fi kyau, ya karkata masa kafaɗa, ya ɗaga haɓa ko ya sauke ta, ya gyara zaman riga, ya nuna inda za a aza hannu. Mace in ta zo da zobba da awarwaro, sai ya shirya hannuwanta yadda adon zai bayyana. Wata ya sa ta kishingiɗa a kan shimfiɗa ta tallabe kai, zanenta ya bazu a gabanta. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ɗaukar hoto abu ne mai sauƙi, inda ya yi wa saura zarra shi ne sanin zaman da ya dace da kowa, kuma ya ce bai taɓa kuskure a wannan ba. Wani zai ce wannan yabon kai ne. To, gani ya kori ji, hotunan suna nan, kuma duk wanda ya dube su zai ga mutane a natse, cikin kamala, kamar kowannensu ya san darajar kansa.

Bayan haka ya tanadi kayan aro saboda masu zuwa. Akwai kwat irin ta Turawa da taye da hula, akwai agogo da alƙalami da tabarau da furen roba, akwai akwatin rediyo da tarho, akwai babur ƙirar Vespa, har da motarsa ta kansa ƙirar Peugeot. Saurayi zai zo ya sa kwat, ya soke alƙalami a aljihu, ya dafa rediyo. Kada mai karatu ya ɗauka yaudara ce. Bamako ta shekarun 1950 gari ne mai bunƙasa, mutane suna kwararowa daga ƙauyuka neman aiki, kowa da burinsa. Mutum yakan so danginsa na gida su gan shi yadda yake fatan zama, shi kuwa mai hoto aikinsa ne ya cika masa wannan fata ba tare da ya mai da shi abin dariya ba.

Hatta labulen da ake zama a gabansa yana da labari. Da farko zanen gadonsa ya rataya. Daga baya ya riƙa sayen yadi mai zane-zane, yana sakewa bayan 'yan shekaru. Sau da yawa mace takan zo sanye da atamfa mai ado, ta zauna gaban yadi mai wani adon dabam, amma maimakon abin ya hargitse, sai fuskarta ta fito fes a tsakiya. Wannan sake labule da yake yi shi ne ya taimake shi daga baya wajen tuna shekarun da ya ɗauki hotunan.

Akwatin da ya ajiye

Jirgin ƙasa mai tasowa daga Dakar yana ratsa Bamako, saboda haka ba mutanen gari kaɗai ke zuwa wurinsa ba, har da matafiya. Hotunansa suka bi aljihu da wasiƙu suka bazu cikin Afirka ta Yamma. Amma akwai abin da ba ya barin gidansa, watau baƙin fim ɗin kowane hoto, wanda shi ne uwar da ake wanke kwafi daga jikinta. Ya tara su dubbai, ya adana cikin akwati, domin mai hoto yana iya komowa wata rana ya nemi a ƙara wanke masa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, ko da yake shi kansa bai san irin goben da ke jiransa ba.

Mali ta sami mulkin kai cikin 1960. Cikin 1962 sabuwar gwamnati ta ɗauke shi aikin ɗaukar hoto na hukuma, ba da jimawa ba kuma, cikin 1963, aka rufe wurin nasa. Ya yi aikin gwamnati har 1977, sa'an nan ya yi ritaya. Daga nan sai aka shiga mantawa da shi, ban da tsofaffin da hotunansa ke rataye a ɗakunansu.

Cikin 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka a birnin New York na Amurka. Daga cikin abubuwan da aka nuna akwai wasu tsofaffin hotuna na mutanen Bamako, an rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Wani attajiri mai tara kayan fasahar Afirka, Jean Pigozzi, ya gan su suka shiga ransa, sai ya tura wakilinsa, wani Bafaranshe mai suna Andre Magnin, ya tafi Bamako da kwafinsu ya nemo mai su. A can aka haɗa shi da Malick Sidibe, wani mai hoto wanda kuma yake gyaran kyamara. Sidibe na duban hotunan ya ce aikin Keita ne, ya kuma kwatanta gidansa.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. Babu suna a jikin kwafin da aka nuna wa Sidibe, kuma shekara kusan talatin ke nan da rufe wurin Keita. Abin da ya gane shi ne hannun mai aikin: irin zaman, irin labulen, irin hasken. Kamar yadda gogaggen maɗinki zai dubi aikin babbar riga ya faɗi gidan da ta fito, haka nan mai hoto yake gane ɗan'uwansa. Da kyamara ce ke yin aikin, da babu yadda za a yi a bambanta Keita da sauran masu hoto na Bamako.

Da aka buɗe akwatin, sai aka tarar da fina-finan lafiya lau. Magnin ya tafi Faransa da fiye da 900 daga cikinsu. Cikin 1994 aka nuna hotunansa a gidan baje koli na Fondation Cartier a birnin Paris, cikin 1997 kuma aka buga su a littafi, aka kuma wanke wasu manya-manya aka kafa a New York. Keita ya ce ranar da ya fara ganin hotunansa an wanke su da girma, tsaf babu tabo, ranar ce ya tabbata lalle aikinsa mai kyau ne ƙwarai. Fim ɗin da aka ɗauka domin ɗan ƙaramin hoto ya jure a faɗaɗa shi ninki-ba-ninki bai tona asirin mai shi ba, domin tun farko ba a yi masa aikin ganin ido ba. Ya rasu a Paris cikin Nuwamba 2001. Cikin 2016 aka yi gagarumin baje kolin aikinsa a Grand Palais, ɗaya daga cikin manyan zaurukan baje koli na Faransa. Shi ma Sidibe nasa rabon ya zo, domin cikin 2007 an ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin fasaha na birnin Venice ta Italiya.

Sai dai labarin bai rasa ɗaci ba. Da hotunan suka yi kuɗi, rigima ta tashi tsakanin dillalai a kan wanda ke da ikon riƙe fina-finan da wanke su, har ta kai gaban kotu bayan rasuwarsa. Yawancin mutanen da ke cikin hotunan kuma ba a san sunayensu ba, domin ba a rubuta ba. Duniya tana kallon fuskokinsu, amma ba ta san ko su wane ne ba.

Mu ma muna da namu

A nan Nijeriya an yi irin waɗannan mutane. Solomon Osagie Alonge, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 1994, shi ne mai hoton fadar Oba na Benin tun zamanin Oba Akenzua na Biyu, ya kuma buɗe wurin ɗaukar hoto na Ideal a birnin Benin cikin 1942. Ya adana aikinsa, har da na farantan gilashi da ake ɗaukar hoto a kansu a da, yau kuwa suna ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Amurka. Akwai kuma J.D. Okhai Ojeikere, wanda ya fara da 'yar kyamarar Brownie cikin 1950, ya yi aiki a ɗakin wanke hoto na Ma'aikatar Watsa Labarai a Ibadan. Daga 1968 ya ɗauki wa kansa aikin da babu wanda ya sa shi, watau ɗaukar hoton kitson matan Nijeriya, har ya tara kusan 1,000, yana neman sunan kitso da asalinsa. An nuna su a Venice cikin 2013, shekara guda kafin rasuwarsa.

Abin da ya haɗa mutanen nan shi ne, kowannensu ya ɗauki aikinsa da muhimmanci tun kafin wani ya yaba masa, kuma kowannensu ya ajiye abin da ya yi. To, ina labarin masu hoton garuruwanmu, na Kano da Kaduna da Jos da Zariya, da na unguwannin Hausawa na Agege da Sabo ta Ibadan, waɗanda suka ɗauki iyayenmu hoton Sallah da na angwanci da na fasfon tafiya aikin Hajji? A cikin kwalayensu akwai tarihin ɗinkin rigunanmu, da ɗaurin ɗankwali, da naɗin rawani, da fuskokin mutanen da ba za a sake gani ba. Fim kuwa ba ya jure laima da zafi da ƙura, kuma magajin da bai san darajarsa ba yana iya zubar da shi rana ɗaya don ya sami wurin ajiye wani abu.

Saboda haka muna kira ga duk wanda ya gaji irin wannan kaya da ya adana shi wuri busasshe, ya nemi tsofaffi su faɗa masa sunayen mutanen da ke ciki tun suna da rai, in ya yiwu kuma ya tuntuɓi gidajen adana tarihi da jami'o'i. Masu sana'ar na yau kuwa, ko da kyamarar zamani suke aiki, su riƙa sa sunansu a aikinsu, su rubuta sunan mai hoto da ranar da aka ɗauka, su ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Fiye da kome, su dubi wanda ya zauna a gabansu da idon mutunci, ko hoton fasfo ya zo ɗauka, domin wataƙila wannan hoton ne kaɗai jikokinsa za su san shi da shi. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.