Gwanjo a juye: yadda gwamnati ke sayayya ta hanyar gasar 'yan kwangila

Idan ka shiga kasuwa sayen buhun masara, kuɗinka ne za ka kashe, don haka sai ka zagaya rumfa uku ko huɗu kana tayawa kafin a sallama maka. Jami'in da zai sayo wa asibitin gwamnati janareta kuwa ba kuɗinsa ba ne, kuma wataƙila ba zai taɓa kwanciya a asibitin ba. To me zai sa ya wahalar da kansa neman mai inganci da rahusa? Wannan matsalar ce tsarin gasar neman kwangila ya zo ya magance.

A Najeriya, dokar da ke tafiyar da wannan harka a matakin tarayya ita ce Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar. Ita ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan bayar da kwangiloli. Jihohi da dama ma sun yi nasu dokokin. A ƙarƙashin dokar, buɗaɗɗiyar gasa ita ce asali. Ba wa mutum ɗaya aiki kai tsaye sai da dalili, kamar gaggawa, ko kayan da kamfani ɗaya kaɗai ke da su.

Daga talla zuwa sa hannu

Mu ɗauki janaretan nan. Da farko dole a ce an ware kuɗinsa a kasafi. Sai asibitin ya rubuta ainihin abin da yake so: ƙarfin injin, tsawon garanti, da lokacin kawowa. Sai a yi talla a aƙalla jaridun ƙasa biyu da mujallar tallan kwangilolin tarayya, makonni kafin ranar rufewa.

Kowane kamfani zai sa farashinsa a rufaffen ambulan ya jefa a akwatin da ke kulle, tare da takardu irin su rajistar CAC da shaidar biyan haraji. A manyan ayyuka akan nemi ya haɗa da lamunin banki, wanda bai wuce kashi 2 cikin 100 na farashinsa ba, don kada ya ci gasa ya gudu. Wanda ya makara, ambulansa a rufe za a mayar masa.

Da zarar lokaci ya cika, a buɗe akwatin a bainar jama'a, a karanto sunan kowa da farashinsa. Doka ta ce a gayyato 'yan sa-ido biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiya mai zaman kanta.

Nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta: ba mafi arha ba ne ke ci kai tsaye. A ce kamfani na farko ya sa naira miliyan 48, na biyu 52, na uku 60. Da aka duba, sai aka ga injin na farko bai kai ƙarfin da aka nema ba. Ya fita kenan, na biyu ne zai samu. Wato mafi arha a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Idan kuɗin aikin ya haura wani mataki, sai BPP ta ba da takardar rashin ƙin amincewa kafin a ci gaba.

Me ya sa ake rufe ambulan?

Ka san gwanjo: mai kaya ɗaya, masu saye da yawa, farashi yana hawa. Nan juyawa aka yi: mai saye ɗaya, masu sayarwa da yawa, farashi yana sauka. Kowane ɗan kwangila ya san nawa aikin zai ci masa, gwamnati ce ba ta sani ba. Idan ya tsuga kuɗi, ribar da yawa amma wani zai kayar da shi. Idan ya rage, zai iya ci amma ribar kaɗan. Tunda bai ga abin da sauran suka rubuta ba, tsoron faɗuwa ne ke jawo shi kusa da farashin gaskiya. Masanin tattalin arziki William Vickrey ya yi lissafin irin wannan gasa a 1961, kuma lissafin ya nuna cewa yawan masu gasa na rage abin da kowa zai iya ɗorawa. Ya samu kyautar Nobel a 1996.

Inda tsarin ke yoyo

Rauni na farko shi ne abin da za mu kira da-na-sanin mai nasara. Wasu injiniyoyin man fetur a Amurka ne suka bayyana shi a 1971. Idan mutum goma suka yi ƙiyasin kuɗin gina asibiti, wanda ya fi kowa arha sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa kuskuren lissafi. Ya ci aikin, kuɗi ya ƙare a linta, sai ya rage siminti ko ya watsar da ginin. Araha dai ba ta ado. Shi ya sa akan nemi wanda ya ci ya kawo lamunin kammala aiki, aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwangilar, musamman idan zai karɓi kuɗin kafin alƙalami.

Na biyu shi ne haɗa baki. Mutum ɗaya ya yi rajistar kamfanoni uku ya shigo da su duka, ko 'yan kwangila su shirya yau kai, gobe ni. A takarda an yi gasa, a zahiri farashi ɗaya ne. Akwai kuma daddatsa babban aiki zuwa ƙanana don a kauce wa idon BPP. Duk waɗannan laifi ne a dokar: ɗaurin aƙalla shekara 5 babu zaɓin tara, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5, da tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin.

Kai fa?

Idan ka shiga gasa kana ganin an zalunce ka, kana da ranakun aiki 15 daga lokacin da ka sani ka rubuta wa shugaban hukumar ƙorafi. In ba ka gamsu ba sai BPP, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya. In kuma kai mazaunin unguwar da aka yi watsi da aikinta ne, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar ka nemi takardun kwangilar. Tambayoyi uku sun isa ka fara da su: a ina aka yi tallan, kamfanoni nawa suka shiga, kuma su wane ne masu su?