Kuɗin mota da ribar masu ciniki ta salula a ƙasar Buza da Madawa

A ƴan shekarun nan wata irin kasuwa ta kafu a ƙasarmu wadda ba ta da rumfa, ba ta da ranar ci. Mai kaya yana zaune a Babankatami, cikin gundumar Buza, ya ɗauki hoton hajarsa da salula, ya saka a WhatsApp ko Facebook. Mai saye yana Yamai ko Agadas, ya gani, su daidaita, ya aiko da kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza. Kafin rabin sa'a an gama ciniki. To, hoto da kuɗi suna bin iska, amma tabarma da buhun albasa dole sai sun hau mota, kuma a nan ne ribar yawancin waɗannan ƴan kasuwa take zubewa.

Ni kaina na taɓa sayen tabarmi biyu na kaba, saƙar Madawa, daga hannun wata mata ta wannan yanki. Da kayan suka iso Yamai na haɗa abin da aka biya mai babur, da na ɗan kamasho, da na kamfanin motar, da na tasi da ya kai ni karɓa, sai na tarar kuɗin hanya ya kusa kai kuɗin tabarmin. Saƙar ba ta da aibi ko kaɗan, amma ban sake saye ba. Ita kuwa har yau ba ta san abin da ya raba ta da mai ciniki ba.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, nisa ba shi ne tsada ba. Daga Madawa zuwa Yamai kimanin kilomita 500 ne a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Galmi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Motocin kamfanoni irin su Rimbo da STM suna bin ta kullum, da fasinja ko babu ƙunshinka za su tafi, saboda haka abin da suke karɓa a kan ƙaramin kwali bai taka kara ya karya ba. Inda ake jin jiki shi ne guntuwar tafiyar nan ta farko, daga ƙauye zuwa bakin kwalta. Wanda ya san ƙasar Adar ya san duwatsunta, ya san yadda korama ɗaya take tsare hanya yini guda da damina. A wannan guntuwar tafiya mutum ɗaya ne yake ɗauke da kuɗin mai, da ladan mai babur, da na komawarsa gida wayam.

Mu yi lissafi, a misali kawai. A ce ɗan kabu-kabu yana karɓar jika 3 ya kai saƙo tasha ya komo. In ƙunshi ɗaya ya ɗauka, jika 3 ɗin nan duka sun hau kansa. In ƙunshi goma ne na mutum goma, kowane ɗaya dala 60 ta same shi. Hanya ɗaya ce, mai ɗaya ne aka sha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma maganar a nan ba ta zumunci ba ce, ta aljihu ce. Masu sayarwa na gari ɗaya su tsai da rana ɗaya ko biyu a mako, su shaida wa masu saye tun wajen ciniki cewa kaya ran kaza suke tashi. In ranar ta dace da cin kasuwa ya fi, domin motocin da suka kawo haja suna neman abin da za su koma da shi, kuma direban da zai koma babu lodi ba ya tsananta farashi. Manyan dillalan albasa na Madawa da Tamaske sun daɗe da sanin wannan. Babbar motar da ta sauke kaya daga bakin teku, da albasa take komawa Abijan ko Akara. Ƙaramin ɗan kasuwa bai rasa komai ba in ya kwaikwayi dabarar a kan kwalinsa.

Sai maganar ɗauri, wadda mutanenmu suka fi rainawa. A tashoshinmu galibi ido ne sikeli: ɗan kamasho ya dubi girman kaya ya yanka kuɗi. Kamfanonin da suke kai saƙo ƙasashen waje ta jirgin sama kuwa suna da ƙa'ida a rubuce. DHL, alal misali, tana auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa da santimita, ta ninka su, ta raba da 5000. Abin da ya fito shi ne nauyin girma, kuma tsakaninsa da nauyin sikeli wanda ya fi yawa shi ake biya. Kwali mai 50 da 40 da 30 ya tashi kilo 12 ke nan. In abin da ke ciki kilo 4 ne, to an biya kuɗin kilo 8 na iska zalla. A rage tsayin kwalin nan zuwa 15, lissafi ya faɗo kilo 6. Wuƙa da igiya sun raba kuɗin biyu. Tabarma a naɗe ta tam, zogale da yakuwa busassu a danne su cikin leda a fid da iska, turare da humra a tabbatar bakin kwalba ya toshe, domin kwalba ɗaya da ta fashe takan ɓata kwali duka, a koma biyan mota sau biyu.

Albasa tata matsalar daban ce. Albasar Galmi sunanta ya kai har an yi mata rajista a hukumar OAPI tare da kilishin Nijar, kuma akwai magidanta a birane masu son buhu ɗaya ko rabi daga hannun manomi. Amma sabuwar cira ruwan jikinta yana ƙara mata nauyi a wurin mai mota, ga saurin ruɓa in aka cusa ta cikin buhun leda a ƙarƙashin kaya. Wadda ta sha iska a rudu ta fi jure tafiya. A ganina, mai sayar da ita ta salula kada ya karɓi cinikin abin da bai kai buhu ba zuwa nesa, sai dai in zai haɗa na mutane da yawa a sauke wurin wakili ɗaya.

Wakilin nan kuwa shi ne rabin aikin. Yawancin unguwanninmu gidajensu ba a san su da lamba ba, kwatance ake yi da masallaci ko famfo. Kai kaya har ƙofar gida a Yamai yana iya cin abin da aka tsimi a hanya duka. Ya fi sauƙi a sami mai shago amintacce kusa da tasha, kaya su sauka wurinsa, kowa ya zo ya ɗauki nasa, a ba shi ɗan lada a kan kowane ƙunshi. Sa'an nan kada kaya su tashi sai an biya aƙalla kuɗin mota. Ƙunshin da mai shi ya fasa karɓa shi ne mafi tsada a wannan sana'a, domin ya ci kuɗin zuwa, zai ci na komowa, in kilishi ne ma ya sha zafi a banza. A kuma faɗi kuɗin hanya tun farko, a fili. Mai saye yakan yafe tsada, amma ba ya yafe a ɓoye masa.

Kada a manta da gidan waya. A 2017 Niger Poste ta buɗe kasuwarta ta intanet mai suna Kaomini, domin kayan jihohi su kai ga masu saye ta hanyar ofisoshinta. Ga mai aikawa waje, dokar ƙungiyar gidajen waya ta duniya, wadda aka kafa a Bern a 1874, ta ware ƙaramin ƙunshi wanda bai wuce kilo 2 ba da nasa farashi. Gram 100 da ya ɗara yana iya sauya lissafin, don haka a auna a gida kafin a je. Sai dai akwai gargaɗi biyu. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigar da nama da kayan madara cikin saƙon mutum, watau kilishi da cuku ƙwace su za a yi. Amurka kuma, daga 29 ga Agusta 2025, ta soke rangwamen da take yi wa saƙon da bai kai dala 800 tata ba, har gidajen waya da dama suka dakatar da aika kaya can a lokacin.

Masu sayo haja daga Sin su sayar a nan, su ma haɗaka ce mafita. Jirgin sama da kilo yake lissafi, jirgin ruwa da girman wuri, kuma kwantena mai ƙafa 20 tana cin kimanin mita 33 na girma, abin da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai cika shi kaɗai ba. Bayan rufe iyakoki a 2023 kayan da suka saba biyowa ta Kwatano da Gaya suka koma Lome, su ratso Burkina Faso cikin ayari, kwanaki suka ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Ga mutumin Buza, sau da yawa sarin Kantin Kwari a Kano ko na Maraɗi ya fi na Guangzhou riba in an haɗa da kwanakin jira.

Akwai abin da ya rage ga hukuma. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, ta gazuwal daga 668 zuwa 618, amma ragi a famfo ba ya isa ƙauye da kansa in hanya tana cin taya da ƙarfe. Hukumomin Babankatami da Karofan da Tabotaki suna iya ware ɗaki ɗaya kusa da kasuwa, a aje sikeli da littafin rajista, a rubuta sunan mai kaya da na direba da lambar mota. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ya isa ya riƙe wannan littafi, a riƙa biyansa daga dala biyar biyar da za a ɗora a kan kowane ƙunshi.