Dajin Kagoro: In An Sare Itace, Ruwa Ma Ya Tafi

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Fatakwal ko Inugu zuwa gida, a zamanin da jirgin ke bin wannan hanya, ba zai manta da Kafanchan ba. Tun 1927 garin ya zama mararrabar dogo, inda hanyar Jos ta rabu da ta Kaduna. Daga tasha kuwa, in ka ɗaga kai, sai ka hango duwatsun Kagoro lulluɓe da kurmi, kai ka ce ba ka bar Kudu ba.

To, wannan kurmi ba ado ba ne kawai. Duwatsun nan su ke tare iskar damina mai tasowa daga teku, shi ya sa ruwan sama ya fi yawa a nan bisa ga Zariya ko Kano. Itatuwa su tare ruwan, saiwoyinsu su riƙe ƙasa, ruwan ya nutse, sa'an nan ya riƙa ɓuɓɓugowa kaɗan-kaɗan har cikin rani. Daga irin waɗannan idanun ruwa ne Matsirga ke samun ruwan da ke faɗowa daga tsawon wajen mita 30, kusa da Kafanchan. Kogin Gurara ma a kudancin Kaduna ya faro, ga shi yanzu daga madatsarsa ake jan ruwa ta bututu zuwa Abuja.

Don tsare wannan arziki ne hukuma ta keɓe gandun dajin Nindam, ta kuma soma dashen itacen katako a Nimbia a 1957. Masana da suka bi Nindam a shekarun 1970 da 1980 sun tarar da tsuntsaye irin na kurmin Kudu, waɗanda da wuya a gan su a sauran ƙasar Arewa.

Amma fa gatari bai huta ba. Masu yankan katako, da masu ƙona gawayi, da masu faɗaɗa gonar citta, da masu cinna wa daji wuta don farauta, kowa na yagar nasa. In tudu ya zama fili, ruwa ba ya tsayawa: da damina ya kwashe ƙasar noma, da rani rafi ya ƙafe. Kuma ruwan yankin nan Binuwai da Kwara ya ke nufa, su haɗu a Lakwaja su gangaro Kudu. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 a Lakwaja da kewayen Anacha ya san ɓarnar ruwan da ba shi da matsaya.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu, abin ya shafe mu. Mai fataucin gawayi ko katako ya tambayi inda aka saro kayansa. Wanda zai je ganin gida ya dasa maɗaci ko ɗorawa a bakin rafin garinsu, ya sa yara su yi masa shinge. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.