Yadda A Ke Adana Kayan Fenti A Gida

Kai mai karatu, in ka sayi buroshi da gwangwanin fenti don ka shafe ƙofarka ko bangon ɗakinka, ka sani ba aiki ne ke kashe buroshi ba. Abin da ke kashe shi, barinsa ya kwana da fenti a jika. Mutum ya kan gama aiki da la'asar, ya gaji, ya ce gobe ya wanke. Gari na wayewa sai ya tarar gashin ya sandare kamar itace. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane.

Fenti iri biyu ne, akwai na ruwa, akwai na mai. In na ruwa ka shafa, ruwa da sabulu sun isa, muddin bai bushe ba. Na mai kuwa ruwa ba ya fid da shi. Sai ka fara goge buroshin a tsohuwar takarda, ka tsoma shi cikin kananzir, ka murza har gindin gashin, sa'an nan ka bi da sabulu da ruwa. Kada ka zubar da kananzirin nan kusa da rijiya. Rufe shi ya kwana biyu, fentin zai kwanta a ƙasa, ka tsiyaye na sama don wankin gaba.

In buroshi ya wanku, kada ka tsai da shi bisa gashinsa cikin gwangwani, gama gashin zai lanƙwashe, ba ya kuwa sāke miƙewa. Dubi ƙotarsa, za ka ga huda. Kafa ƙusoshi a jikin katako, ka rataye kowane buroshi a ƙusarsa, gashi ƙasa, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Ta haka, da ka ɗaga ido ka san wanda babu. Wuƙar kankare bango kuma ka goge ta, ka shafa mata ɗan mai don tsatsa.

To, sauran fenti fa? Iska ce ke busar da shi. Saboda haka share bakin gwangwanin sarai, ka mai da murfi, ka ɗora guntun katako a kai, ka bubbuga da guduma a hankali har ya zauna. Yanzu da ka iya rubutu, ga amfaninsa: rubuta launin fentin a jikin gwangwanin, da ɗakin da ka shafa, da watan da ka buɗe shi. Baɗi ba sai ka buɗe gwangwani biyar kana neman guda ba.

Wurin ajiya ya zama mai inuwa, nesa da murhu da fitila, don kananzir da fentin mai suna kama wuta nan da nan. Kada ka aje gwangwani a ƙasa, laimar damina ta kan cinye gindinsa da tsatsa, gara kuma ta bi ƙotar buroshi. Kanta mai tsawo ta fi, ko akwati mai kwaɗo.

Sauran magana biyu, su ne kuwa mafi nauyi. Ta fari, tsumman da ya sha man fenti, in an dunƙule shi an tara, ya kan yi zafi da kansa har ya kama wuta, ba wanda ya ƙyasta ashana. Shanya shi a fili ya bushe, ko ka nutsar da shi cikin gwangwanin ruwa. Ta biyu, yara. Kada ka zuba kananzir a kwalbar abin sha, yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya. Waɗansu fenti kuma akwai dalma a ciki, ita kuwa guba ce mai ɓata ƙwaƙwalwar yaro. Shi ya sa Amurka ta hana sa ta cikin fentin gidaje a 1978. Don haka kada gwangwanin fenti ya zama na ɗiban ruwan sha ko na awon hatsi, kome wankin da aka yi masa.

Duk wannan hidima ba ta fi ta ɗan lokaci kaɗan kafin magariba ba. Wanda ya yi ta, buroshi guda ya yi masa shekaru, gidansa kuma ya kwana lafiya.