Tsohon lektar ya ɓace daga kwamfuta: ina ake samo direbansa?

Gidaje da ofisoshi da dama a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna ajiye da faifan CD da DVD waɗanda ba su da kwafi a wani wuri: bidiyon biki da na suna, karatun malamai, hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, takardun aiki na shekarun baya. Sabbin kwamfutoci kuwa mafi yawansu ba sa zuwa da na'urar karanta faifai, wadda masu gyara ke kira lektar. Sai a koma ga tsohuwa, a jona ta, Windows ta ƙi nuna ta. Daga nan mai kaya ya shiga intanet neman ƴar manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta, wadda a nan ake kira pilote da Faransanci, a Najeriya kuma a ce direba.

Wannan neman, sau da yawa, ɓata lokaci ne da kuɗin intanet. Daga Windows XP har zuwa Windows 11, direban lektar yana cikin Windows ɗin kanta, fayil ne mai suna cdrom.sys, kuma shi ɗaya ne ke aiki da na LG, da na Samsung, da na Lite-On, da sauransu. Tun tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni suka amince da ƙa'ida guda mai suna ATAPI, wadda ta sa na'urorin ke magana da kwamfuta da harshe ɗaya. Haka yake a Linux, inda lektar ke fitowa da sunan sr0 ba tare da an saka komai ba. Shafukan da ke alkawarin "sabon direba kyauta" na lektar ɗin shekara 20, galibi tallace-tallace suke cusa wa mutum, wani lokaci har da cutar kwamfuta.

Idan lektar bai bayyana ba, tambayar farko ita ce: kwamfutar ma ta san da shi? Ana gane haka a BIOS, wanda ake shiga da danna F2, ko Suppr, ko F10 a na HP, daidai lokacin kunnawa. In sunansa ba ya cikin jerin na'urorin da ke wurin, babu direban da zai yi magani. Matsalar ta waya ce ko ta wuta.

Tsofaffin lektar na IDE ne, masu faffaɗar waya kamar tabarma da ƙafafu 40. Gefen wayar mai jan layi yana kallon ɓangaren da wayar wuta ke shiga. A bayan na'urar kuma akwai wani ɗan ƙaramin maƙalli na roba da ake dasawa a ɗaya daga wurare uku: MA, SL ko CS. Idan na'urori biyu suna kan waya guda, misali lektar da diski, ɗaya ya zama MA, ɗaya SL. In duka biyun suna MA, to ko ɗaya ya ɓace, ko duka. Wannan ɗan maƙallin, da bai kai ƙwayar wake ba, ya sa an jefar da lektar masu lafiya da yawa. Na SATA, da suka bazu bayan 2003, ba su da wannan rigima. Wanda kwamfutarsa ba ta da gurbin IDE yana iya sayen mahaɗin da ke mayar da shi USB, amma babban lektar na kwamfutar tebur yana buƙatar wuta mai volt 12, wadda USB ba ta bayarwa, don haka sai mahaɗin da ke da cajarsa daban.

Idan BIOS ta gan shi amma Windows ba ta nuna shi a Ce PC ba, sai a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta devmgmt.msc. Wannan zai buɗe Gestionnaire de périphériques. A ƙarƙashin Lecteurs de DVD/CD-ROM, a danna sunan lektar da maɓallin dama, a cire shi da Désinstaller, a sake kunna kwamfuta. Windows za ta mayar da direban da kanta. Sau da yawa a nan magana ke ƙarewa.

Inda ta fi wuya shi ne in aka ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a kan sunan, da lambar kuskure 19, 31, 32, 39 ko 41. A nan direban yana nan lafiya, wani abu ne ya tare masa hanya. Manhajojin ƙona faifai irin su Nero da Roxio, har da tsohuwar iTunes, suna dasa nasu ƴan ƙananan direbobi tsakanin Windows da lektar. In aka goge manhajar ba yadda ya kamata ba, ko aka sabunta Windows a kanta, sunan ɗan direban yana saura a rajista alhali fayil ɗinsa ya tafi. Windows ta nemi abin da babu, ta fasa tayar da lektar gaba ɗaya. Kwamfutocin hannu-na-biyu da suka shigo ta Kwatano da Lome sun ratsa hannaye da yawa, kowa ya saka nasa ya cire, saboda haka ba abin mamaki ba ne a same su da wannan ciwo.

Maganin, wanda Microsoft da kanta ta bayyana, yana cikin regedit. Ana bin wannan hanya: HKEY_LOCAL_MACHINE, SYSTEM, CurrentControlSet, Control, Class, sannan a nemi layin da ya fara da 4D36E965. A ɓangaren dama za a ga UpperFilters ko LowerFilters, ko duka biyun. A goge su, a sake kunnawa. Amma kafin a taɓa komai, a ajiye kwafin wurin da Exporter, kuma a karanta lambar nan sau biyu. Layukan da ke maƙwabtaka da ita sun yi kama da ita ƙwarai: 4D36E967 na diskin kwamfuta ne, 4D36E96B na allon rubutu ne, kuma su ma suna da nasu UpperFilters. Wanda ya goge na diski, Windows na iya ƙin tashi sam. Wanda ya goge na allon rubutu, zai zauna gaban kwamfutar da ba ta jin maɓalli ko ɗaya. Duk wanda hannunsa bai saba ba, gara ya kai wa mai gyara ya nuna masa lambar. Bayan gyaran, manhajar ƙona faifan da ake amfani da ita tana iya neman a sake saka ta.

Akwai wurin da ake saka direba da hannu da gaske: kwamfutocin zamanin DOS, Windows 95 da 98, irin waɗanda ake riƙe da su saboda wata tsohuwar na'ura ko manhaja da ba ta aiki a kan sabuwa. A DOS ana buƙatar fayil biyu. Na farko OAKCDROM.SYS, wanda ke cikin disket ɗin tayar da Windows 98 kuma yake aiki da mafi yawan lektar na IDE. Ana kiransa a cikin CONFIG.SYS da layin DEVICE=C:\DOS\OAKCDROM.SYS /D:MSCD001. Na biyu MSCDEX.EXE, wanda ke ba lektar harafinsa, ana kiransa a AUTOEXEC.BAT da layin C:\DOS\MSCDEX.EXE /D:MSCD001. Sunan da ke bayan /D: dole ya zama iri ɗaya a layukan biyu, harafi da harafi. Lektar na farkon shekarun 1990 da ake jonawa a katin sauti, na Mitsumi, Sony ko Panasonic, su kam sai da direban kamfaninsu.

Wasu matsalolin kuma ana ɗora wa direba laifinsu alhali ba ruwansa. Lektar da ke karanta CD ya ƙi DVD, ko akasin haka, idonsa ne ya gaji: hasken laser biyu ne a ciki, kowane faifai da nasa, kuma ɗaya na iya mutuwa ya bar ɗaya. Ƙurar hunturu ma tana rufe idon, ana share shi a hankali da auduga da ɗan alkol. In ƙofar ta ƙi buɗewa, akwai ɗan rami a gaba da ake tura miƙaƙƙiyar waya a ciki. Idan kuma fayilolin faifan suna bayyana amma fim ya ƙi tashi, dalilin shi ne tun Windows 8 aka daina saka manhajar kallon DVD a ciki. VLC, wadda ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faransa suka fara, tana yin aikin kyauta.

Sai a yi hattara da batun yanki. Faifan fim na kamfani yana da lambar yanki: Amurka 1, Turai 2, Nijar da mafi yawan Afirka 5. Lektar yana yarda a canza masa yanki sau 5 kawai, daga nan ya kafe a kan na ƙarshe, ko an sake saka Windows. Faifan biki da aka ƙona a gari ba shi da wannan kulle.

Ranar da lektar ya tashi, aikin farko shi ne kwashe abin da ke faifan zuwa diski ko kile, zai fi kyau a wuri biyu. Faifan da aka ƙona a gida rubutunsa yana kan wani siririn launi ne da zafi da rana ke cinyewa, kuma ƙarzuwa a saman CD, gefen da ake rubuta suna, ta fi ta ƙasa haɗari, domin bayanan suna dab da wurin. CD ɗaya ba ya wuce mega 700, DVD na yau da kullum giga 4,7, wato kile mai giga 64 zai ɗauki DVD 12 cikakku har da saura. In wani faifai ya tsaya a tsakiyar kwafi, a goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, sannan a gwada shi a wani lektar, domin wanda wannan ya kasa karantawa wani yakan karanta.