Gayyar Mutanen Bakin Teku

Jama'a, kowa ya san gayya. Idan aikin gona ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya gaya wa 'yan'uwa da maƙwabta, a taru a nome masa, ba wanda ya ke jiran lada. Yau za mu ga wata irin gayya ta mutanen bakin teku, wadda ba ranar da a ke tashi daga gare ta.

Garin Cromer

A gabashin ƙasar Ingila, a bakin Tekun Arewa, akwai wani ƙaramin gari wai shi Cromer. Da aka yi ƙidaya a 2011 mutanensa ba su kai 8,000 ba. Tun kaka da kakanni an san su da su, musamman kamun ƙaguwa.

Wanda bai taɓa ganin teku ba, kada ya kwatanta shi da kogi. Ruwa ne wanda ba a hango ƙetarensa. In iska ta taso, igiyar ruwa ta kan yi tsawon soro. A wannan yanki kuma akwai tuddan rairayi ɓoye ƙarƙashin ruwa. Jirgin da ya hau kansu sai ya kafe, igiyar ruwa ta yi ta dukansa har ya farfashe. Sau da yawa mutanen gari na tsaye a gaɓa suna kallo, bayin Allah na halaka.

A 1804 suka ce abin ya isa. Suka yi taro, suka tara kuɗi, suka sayi jirgin ceto. Masunta suka ce su za su tuƙa shi. A 1824 aka kafa babbar ƙungiyar jiragen ceto ta ƙasar duka, wadda yanzu a ke kira RNLI, a 1857 kuwa tashar Cromer ta koma ƙarƙashinta. Har wa yau da gudummawar jama'a ƙungiyar nan ta ke aiki, yawancin masu shiga jiragenta kuwa 'yan sa kai ne, ba albashi su ke ci ba.

Wata rana a 1917

Ran 9 ga Janairu, 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, aka tashi da muguwar iska da sanyi mai tsanani. Samari da yawa sun tafi yaƙi, yawancin waɗanda suka rage dattawa ne. Jirgin ceton ba shi da inji, da hannu a ke tuƙa shi. Sarkin jirgin wani masunci ne, sunansa Henry Blogg.

Da hantsi aka ga wani jirgin Girka, Pyrin, yana neman taimako. Mutanen gari da sojoji suka tura jirgin ceto, suna kutsawa cikin ruwan sanyi har ya ɗaga. Dattawan nan suka tuƙa, suka kwaso mutanen Pyrin, suka komo a gajiye liƙis.

Ba su gama hutawa ba sai ga labari, wai wani jirgin Suwidin, Fernebo, ya rabe biyu. Waɗansu daga cikin mutanensa suka shiga ƙaramin kwalekwale, ya kife da su kusa da gaɓa. Sai mutane suka riƙe hannun juna, suka yi sarƙa, suka shiga ruwa, suka jawo mutum 6. Sauran kuwa sai da jirgi. Aka tura jirgin ceto, teku ya komo da shi. Aka sake turawa da dare, igiyar ruwa ta karya waɗansu filafilai, ta tafi da waɗansu. Blogg bai tilasta wa kowa ba, amma da ya ce a sake gwadawa, ba wanda ya ƙi. Wajen tsakar dare suka isa, suka ceto mutum 11.

Henry Blogg ya yi shekara 53 yana wannan aiki, daga 1894 zuwa 1947. A cikin shekarun nan jirgin Cromer ya fita sau 387, aka ceci rai 873. Sau uku ƙungiyar tana ba shi lambar girma ta zinariya. Ya rasu a 1954.

Aikin na kowa ne

To, mai karatu, ka lura da wani abu. Sunan Blogg a ke ambata, amma da shi kaɗai ne, ko tura jirgin ba zai iya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tun 1923 Cromer ta sami jirgi mai inji, amma rabon aiki yana nan. Akwai masu shiga jirgi. Kowannensu yana da sana'arsa, yana kuma ɗauke da 'yar na'ura mai ƙara. Da ta yi kuka, ko dare ko rana, sai ya ajiye abin da ya ke yi ya sheƙa tasha. Akwai masu aikin gaɓa, su ke saukar da jirgi, su jawo shi, su wanke shi. Akwai masu tara kuɗi, maza da mata, waɗansu tsofaffi ne tukuf, suna zama a ɗan kantin ƙungiya ko su zaga da asusu. Akwai masu koya wa yara da baƙi yadda za su kiyaye kansu a bakin ruwa. Wanda ba shi da ƙarfi yana da lokaci, wanda ba shi da lokaci yana da kwabo.

Amfanin da gari ya ke samu

Na farko, ceton rai, ko na ɗan gari ko na baƙo. Mutanen Fernebo ba danginsu ba ne, ko harshensu ba sa ji.

Na biyu, kwanciyar hankali. Matar masunci ta san in ruwa ya juya wa mijinta, akwai masu fita nemansa.

Na uku, zumunci. Mai kanti da makaniki da masunci, in suka sha wuya a jirgi ɗaya, da wuya wani ɗan saɓani ya raba su a tudu.

Na huɗu, tarbiyyar matasa. Yaro ya kan tashi yana ganin manya na fita cikin dare don wani, in ya girma shi ma ya karɓa.

Me ya sa aikin bai mutu ba?

Ƙungiyoyi da yawa su kan tashi da zafi, bayan damina ɗaya su watse. Ta Cromer ta wuce shekara 200. Dalili shi ne shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Suna gwajin aiki a kai a kai tun ba abin da ya faru. Kowa ya san matsayinsa. Ana rubuta kowace fita, ana rubuta kuɗin da ya shigo da wanda ya fita. Shi ya sa yau mu ke iya cewa sau 387, rai 873. Da ba a rubuta ba, da tuni an manta.

Mu ba mu da teku, amma muna da koguna inda kwalekwale ke kifewa, muna da ambaliya da damina, da gobara da hunturu. Zuciyar taimako kuwa ba mu rasa ta ba. Abin da ya rage shi ne mu shirya tun kafin masifa ta zo, mu sami magatakarda mai rubuta sunaye, da ma'aji mai lissafin da kowa zai iya dubawa. Kai da ka ke koyon karatu yau, watakila kai ne magatakardan da unguwarku ke jira. Allah Ya ba mu ikon taimakon juna, amin.

Tambayoyi

1. A wace shekara mutanen Cromer suka sayi jirgin ceto na farko?
2. Ban da masu tuƙi, su wane ne suka yi taimako ran 9 ga Janairu, 1917?
3. Wane hatsari ne ya fi damun garinku, wane shiri kuma kuka yi masa?