Kodak: Kamfanin da Ya Ƙirƙiro Ajalinsa da Hannunsa

Yau za mu duba abin da ke hana ɗan kasuwa tsara gobensa, kuma labarin wani kamfani na ɗauko muku.

Wanda ya ɗan manyanta zai tuna zamanin wankin hoto. A ɗauke ka ranar sallah, ka yi kwanaki kana sintiri wurin mai hoto. Fim ɗin nan mai kwali ruwan ɗorawa, Kodak ke yin sa a Amurka.

To, ku kasa kunne. A shekarar 1975, wani matashin injiniyan kamfanin, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar da ba ruwanta da fim. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi. Hoto ɗaya, baƙi da fari, sai ta yi daƙiƙa 23 tana naɗe shi a kaset. Kaset fa, irin wanda muke sa wa rediyo a da! Sannan a jona da talabijin a kalla.

Ya kai wa manyansa. An yi wa ƙirƙirar rajista a 1978, amma ba wanda ya yi zumuɗin kai ta kasuwa. Me ya sa? Ribar kamfanin a fim take, da takardar hoto, da sinadarin wanki. Kuma masu zaman tsara makomar kamfanin su ne waɗanda fim ya ɗaukaka. Wa zai sa hannu a rushe rumbun da yake ci? Sabo turken wawa, in ji Bahaushe. Ni dai a ganina ba ilimi suka rasa ba, ribar yau ce ta rufe musu ido.

Sun farga daga baya, sun sayar da kyamarorin zamani masu yawa, amma ribar ba ta kai ta fim ba, ga wayar salula ta iso.

Abokin hamayyarsu na Japan, Fujifilm, shi kuwa ya zauna ya lissafa abin da ya iya, ban da fim. Ya karkata ilimin sinadaransa ga magunguna da kayan asibiti, har da man shafawa a 2007. Yana nan da ƙarfinsa.

Mu koma kan Kodak. A 2010 Shugaba Obama ya rataya wa Sasson lambar yabo saboda kyamarar nan. A Janairun 2012 Kodak ya garzaya kotu neman kariya daga masu bin sa bashi.